Tsohuwar Kwamfuta Ba Ta Mutu Ba, Wa'adi Aka Yanka Mata

A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10, ya daina aika mata facin tsaro na kyauta da ya saba aikawa kowane wata tun fitowarta a 2015. A Redmond, can ƙasar Amurka inda hedikwatar kamfanin take, lamarin bai wuce cikar wata rana da aka daɗe da rubutawa a kalanda ba. A Bader Goula kuwa, ƙaramar hukumar manoma da makiyaya da ke gundumar Dakwaro a jahar Maraɗi, ba a nemi shawarar kowa ba, kuma babu na'urar da ta yi ko tari a wannan rana. Duk wata kwamfutar tafi-da-gidanka da ke hannun daraktan makaranta, ko sakataren ƙungiyar raya al'adu, ko malamin yaƙi da jahilci, idan ta kunnu ranar 13 ga wata, to ta kunnu ranar 15. Amma hukuncin ya riga ya hau kanta, kuma abin da mai ita zai ji daga bakin mai shago duk ranar da ya kai ta gyara shi ne ta tsufa, gara a nemi sabuwa. Wannan magana ƙarya ce wadda aka yi wa kwalliya da gaskiya kaɗan, kuma malamai da ƙungiyoyin al'adu sun fi kowa buƙatar su gane inda ƙaryar take, domin aljihunsu ne zai biya.

Kwamfuta abu biyu ce a haɗe. Akwai ƙarfe da roba da gilashi waɗanda hannu ke taɓawa, akwai kuma manhajar da ke tafiyar da su, wadda masu gyara a Maraɗi ke kira sistem, wadda kuma ya dace a kira ta uwar manhaja, tun da a bayanta sauran manhajoji ke goye. Ita ke karɓar umarni daga madannai, ita ke ajiye takarda a faifai, ita ke magana da na'urar buga takardu. Windows ɗaya ce daga cikin irin waɗannan uwaye, ba ita kaɗai ba ce, sai dai sabo ya sa mutane da yawa sun ɗauka ita da kwamfutar halitta ɗaya ce, kamar kunkuru da ƙoƙon bayansa. Alhali kuwa riga ce. Ana iya tuɓe ta a sa wata, ƙarfen yana nan yadda yake.

Abin da ya bambanta wannan karo da na baya shi ne sharuɗɗan da aka gindaya wa magajiyar. An rufe Windows XP a watan Afrilu 2014, an rufe Windows 7 a watan Janairu 2020, kuma a lokutan biyu yawancin na'urori masu lafiya sun iya ɗaukar wadda ta biyo baya, ko da da ɗingishi. Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, ta zo da ƙofa ƙunƙunta. Tana neman ƙwaƙwalwar aiki ta giga 4 da wurin ajiya na giga 64, waɗanda ba su fi ƙarfin tsofaffin na'urori da yawa ba. Amma tana kuma neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, sannan tana neman furosesa, wato zuciyar na'urar, ta kasance daga zuriya ta takwas ta Intel zuwa sama, ko makamanciyarta ta AMD. Zuriya ta takwas ta fara shiga kasuwa ne a ƙarshen 2017. Ma'ana, na'urar da aka ƙera a 2015 ko 2016, mai gudu, mai ƙarko, wadda za ta iya buga jarrabawar aji shida har shekaru goma nan gaba ba tare da ta yi gumi ba, an rufe mata ƙofa saboda shekarar haihuwarta. Kamfanin binciken kasuwa na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 na iya zama shara a dalilin wannan mataki. Ba za a ce dalilan tsaron da kamfanin ya bayar tatsuniya ba ne, domin TPM na da amfaninsa. Sai dai wanda ya auna amfanin da asarar, a kan ma'aunin ofisoshin Turai da Amurka ya auna, inda ake sauya na'ura duk bayan shekara huɗu ko biyar a rubuta kuɗin cikin kasafi.

An yi ɗan sassauci, kuma yadda aka raba shi ma abin lura ne. Kamfanin ya buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙarin shekara guda ta facin tsaro, zuwa 13 ga Oktoba 2026, a kan dalar Amurka 30, ko kuma kyauta ga wanda ya yarda ya ɗaura na'urarsa da asusun Microsoft ya riƙa ajiye saitunansa a rumbun kamfanin. Mutanen Turai, da yake suna da ƙungiyoyin kare masu saye waɗanda ke da haƙora, sun matsa har aka sauƙaƙa musu sharaɗin a watan Satumba 2025. Makarantu an yi musu farashi na musamman, dala 1 a shekarar farko, 2 a ta biyu, 4 a ta uku, amma wannan rangwame na makarantun da ke da yarjejeniyar lasisi da kamfanin ne. Makarantar da ajinta na zana ne, wadda ake sake kafawa kowace shekara bayan girbi, ba ta cikin wannan lissafi, kuma ba a taɓa nufin ta shiga ba.

A zo ga kuɗi. Gaskiya ne wanda ke da Windows 10 ta halal a kan na'urar da ta cika sharuɗɗa yana hawa Windows 11 kyauta. Wanda ba shi da lasisi kuwa, farashin Windows 11 ta gida a shagon kamfanin na Faransa yuro 145 ne, kuma tun da yuro ɗaya sefa 655.957 ne, abin ya kama jika 95 da ƴan kai. Mafi ƙarancin albashi a Nijar, tun bayan ƙarin da ya fara aiki a Janairu 2024, jika 42 ne. Lasisi kaɗai, ba tare da ko dunƙulen ƙarfe ba, ya haura albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. Sabuwar na'ura kuma ta ninka wannan. Duk wanda ya dubi malamin kwantaragi da ke koyarwa a ƙauyukan kwarin Tarka, wanda sai ya yi tafiya kafin ya karɓi albashinsa, ya ce masa mafita ita ce ya sayi sabuwa, to ko dai bai san ƙasar ba, ko kuwa yana da kayan sayarwa.

Su kansu na'urorin da ke hannun mutane a wannan yanki, mafi yawansu gwanjo ne, irin kayan da a ƙasashe masu magana da Faransanci ake yi wa laƙabi da France au revoir. Sun gama aiki a bankuna da ofisoshin Turai, sun sauka a tashoshin jirgin ruwa na Kwatano da Lome da Legas, sun bi ta kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja, sun hauro Kano da Katsina, sun tsallaka ta Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, daga nan wasu suka yi arewa kimanin kilomita 120 zuwa Dakwaro. Rufe Windows 10 zai ƙara cika wannan hanya da kaya, domin dubban ofisoshi na zubar da na'urori masu ƙoshin lafiya, irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook na zuriya ta shida da ta bakwai, ba don sun lalace ba. Ga mai hankali wannan garaɓasa ce. Amma tare da alkamar akwai tsakuwa. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shiga Nijeriya a shekara, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin su sauka. A duniya baki ɗaya an tara sharar lantarki tan miliyan 62 a 2022, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida. Ƙasashen Afirka sun rattaba hannu a Bamako tun 1991 cewa ba za a mai da nahiyar juji ba. Kwamfutar da aka jefar a bayan gari a Dakwaro, da dalmarta da batirinta, ƙasar da awaki ke kiwo a kai za ta gurɓata.

To, me mai tsohuwar na'ura ke yi a zahiri? Yawanci ɗaya daga cikin abubuwa uku, kuma dukkansu rami ne.

Na farko ya bar ta yadda take, yana cewa ai shi ba ya hawa intanet, don haka babu abin da zai same shi. Wannan hujja ta manta da kile, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a gefen na'ura, wanda ke yawo daga makaranta zuwa ofishin sufeto, daga can zuwa shagon buga takardu a Dakwaro, ya dawo ɗauke da cutar kowane gida da ya kwana. Babu malamin da ya taɓa aiki da kile a Afirka ta Yamma da bai san ƙwayar cutar nan da ke ɓoye takardu ta mai da su gajerun hanyoyi marasa komai ba. Kuma duniya ta ga abin da rashin faci ke jawowa a watan Mayu 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida, alhali maganin ya fito tun watan Maris, ba a dai sa shi ba ne. Na'urar da aka daina yi wa faci kwata-kwata, duk ɓarakar da aka gano a jikinta daga yau, a buɗe za ta zauna.

Na biyu, wanda ya fi yawa, shi ne ya kai wa mai gyara a yi mata wanka, a zuba mata Windows ta sata tare da wata ƴar manhaja mai fasa makulli, a biya jika biyu ko uku, a dawo gida ana murna. A nan ne ya kamata malamai su tsaya su yi tunani sosai, domin wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare har ba a ganin aibinta. Ba wanda ya san abin da ke cikin wannan kwafi, har shi mai gyaran, tun da shi ma a wani wuri ya kwaso. Manhajar fasa makulli ba ta aiki sai an kashe mai gadin na'urar an ba ta iko a kan komai, wato mutum ya kori maigadi da hannunsa ya miƙa wa baƙon da bai sani ba makullin ɗaka. A cikin na'urar kuwa akwai makin ɗalibai, da sunayen iyaye, da lissafin kuɗin kwamitin makaranta, wani lokaci har da tambayoyin jarrabawar da ba a yi ba tukuna. Bayan wata shida na'urar ta fara nauyi, a sake mayar da ita wanka, a sake biya, kuma a kowane wanka wasu takardu na salwanta, domin mai gyaran da ke da layin mutane goma ba shi da lokacin tambayar wace jaka ce ke ɗauke da tatsuniyoyin da ƙungiya ta kwashe shekara uku tana tattarawa daga bakin tsofaffi. Araha ba ta ado. Bayan haka akwai abin kunya na tarbiyya, wanda ba a cika son ambatonsa ba: malamin da ke horon yaro a kan satar amsa, da kayan sata yake buga takardar jarrabawar.

Na uku shi ne a tura Windows 11 da ƙarfi a kan na'urar da ba ta cika sharuɗɗa ba, da taimakon manhajoji irin su Rufus. Yana yiwuwa, kuma sau da yawa tana tashi. Amma kamfanin ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin wannan na'ura sabuntawa ba. Zaman ɗan haya ne wanda mai gida bai san da shi ba.

Akwai hanya ta huɗu, wadda ba sabuwa ba ce, kuma abin takaici ne a ce har yanzu sai an gabatar da ita kamar baƙuwa. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, da nufin samar da manhajar da kowa ke da ƴancin ya yi aiki da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta ƙwayar da ta cika ginin, aka sami abin da ake kira Linux. A Oktoba 2004 wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da Ubuntu, sunan da ya aro daga harsunan Zulu da Xhosa mai nufin mutuntaka, kuma har zuwa 2011 kamfaninsa na aika faifan CD kyauta ta gidan waya zuwa duk ƙasar da aka nema. Yau Linux ke tafiyar da mafi yawan manyan na'urorin da intanet ke zaune a kansu, kuma ƙwayarta ce a cikin kowace wayar Android. Makiyayin da ke sauraron labarai a wayarsa a bakin rijiya ya daɗe yana aiki da Linux bai sani ba.

Ga tsohuwar kwamfutar cinya, zaɓin a bayyane yake. Linux Mint, musamman mai fuskar Xfce, tana tashi da ƙwaƙwalwar giga 2, ta fi walwala da giga 4, tana neman wurin ajiya na giga 20 kacal, kuma fuskarta ta yi kama da Windows 7 har wanda ya saba da waccan ba zai yi kwana biyu yana lalube ba. Zubi na 22 na da facin tsaro har 2029, haka ma Ubuntu 24.04, kuma idan wa'adin ya cika ana hawa zubi na gaba kyauta a kan ƙarfe ɗaya. Lubuntu ta fi su sauƙi. Tana zuwa, kamar Mint, da LibreOffice, wadda ke rubutu da lissafi, tana buɗe takardun Word da Excel, tana kuma fitar da PDF. Cutar kile da ke cin Windows ba ta da abin kamawa a nan. Hasali ma a kan Linux ana ganin takardun da cutar ta ɓoye, a kwashe su lafiya. Kuma kafin a taɓa komai ana iya kunna na'urar daga kile a gwada, a ga ko sauti na fita, ko tana kama intanet, ko tana ganin na'urar buga takardu, sannan a yanke shawara.

Idan akwai ƴan kuɗin da za a kashe, ƙarfen ya kamata a kashe wa. Abin da ke sa tsohuwar kwamfuta jan ƙafa, sau tara cikin goma, shi ne tsohon faifan ajiya mai juyawa. A cire shi a sa SSD, ko da ƙarami ne mai giga 128 ko 256, sai na'urar da ke ɗaukar minti uku kafin ta farka ta koma tashi cikin ƙasa da rabin minti. SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki, don haka ya fi jure girgizar babur a kan hanyar yashi, ya kuma fi cin wuta kaɗan, abin da ke da muhimmanci a inda ake cajin batir da farantin hasken rana ko a biya mai janareto. A ƙara ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyara ke kira RAM, zuwa giga 4 ko 8 idan akwai gurbi. A buɗe bayan na'urar a hure ƙurar hunturu da ta toshe fankar, domin zafin watan Afrilu a Dakwaro ya isa ya kashe na'urar da ba ta shaƙar iska. Tsohon faifan kuma kada a jefar, a sa shi a ƴar kwali mai igiya ya zama rumbun ajiye kwafi. Duka wannan bai kai rabin kuɗin lasisi ɗaya ba.

Wani zai ce sauko da manhajar ma ai kuɗi ne, tun da giga kusan 3 ce, kuma layin waya a karkara yana zuwa yana ɗaukewa. Haka ne. Amma sau ɗaya ake saukewa. Mutum ɗaya ya sauke a Maraɗi, ya zuba a kile, wannan kile ɗaya ya isa ya raya kwamfutocin Bader Goula da Azagor da Roumbou da Soli Tagriss gaba ɗaya, kuma doka ta yarda, domin lasisin manhajar kansa ne ya ba da izinin kwafa da rabawa. A kan kile ɗin za a iya ɗora Kiwix, wadda ke ba da damar karanta Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa ba tare da intanet ba, da GCompris ta wasannin koyon ƙidaya da haruffa ga yara. Windows 11 ta gida kuwa, tun a wurin girkawa take neman intanet da asusun kamfani. An gina ta ne da zaton cewa layi ba ya yankewa, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki, wadda kuma ta ga yadda wutar da take saye daga Nijeriya ta ɗauke daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024.

Akwai wani ɓangare da ya shafi ƙungiyoyin al'adu kai tsaye, wato harshe. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, ta daidaita ƙa'idojin rubutun harsunanta a 1999, sannan a watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen ƙasa kuwa dole ya rubutu a na'ura da haruffansa cikakku, da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Shekaru da dama masu rubutu sun riƙa yin dabara da zubin haruffa na gida, inda ake sace gurbin wani harafi a zana mai lanƙwasa a ciki. A kan na'urar mai rubutun komai daidai yake, amma da zarar an kai takardar wata na'ura, ko an yi wa ta farko wanka zubin ya ɓace, sai rubutun ya rikiɗe ya koma alamomi marasa ma'ana. Masu aikin DiLAF, waɗanda suka ɗora ƙamusoshin Hausa da Kanuri da Tamajak da Zabarmanci a intanet, sai da suka fara da mayar da irin waɗannan haruffa zuwa tsarin Unicode kafin su iya komai. Duk ƙungiyar da ke da tsofaffin takardu a tsohuwar na'ura, ranar sauya uwar manhaja ce ranar da ya dace ta yi wannan aiki, ta koma zubi irin su Charis ko Andika ko Noto, waɗanda kyauta ne kuma suna ɗauke da haruffan duka.

A nan adalci ya wajaba. Windows ma na rubuta Hausa, tana da tsarin madannai na Hausa, ta kuma taɓa fitar da fassarar fuskarta zuwa Hausa. Linux na da tsarin madannan Hausa iri biyu, na Nijeriya da na Ghana, kuma duka an gina su a kan jerin QWERTY, alhali na'urorin da suka fito daga Faransa AZERTY ne, don haka malamin Nijar na shan wahala ta kowane gefe. Bambancin shi ne wa ke da ikon gyarawa. A manhaja mai ƴanci, tsarin madannai ƴar takarda ce da ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi zai iya buɗewa ya daidaita da AZERTY cikin yini guda, ya raba wa ƙasa baki ɗaya, ya kuma aika wa masu kula da manhajar su sa a zubi na gaba. Haka fassarar LibreOffice, ƙofarta a buɗe take ga duk ƙungiyar da ta shirya zama ta yi. Idan ba a yi ba, laifin na gida ne. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Masu adawa da wannan hanya suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Akwai na'urorin buga takardu da ke yin taurin kai a Linux, akwai wasu katunan kama intanet da sai an nemo musu direba, kuma takardar Word mai jadawali masu sarƙaƙiya tana iya ɗan karkacewa a LibreOffice. Idan wata hukuma ta tilasta aiki da manhajar da ba ta tashi sai a Windows, to a bar na'ura ɗaya a kanta da lasisin halal, a raba ta da kile na yawo. Sukan kuma kawo misalin birnin Munik na Jamus, wanda ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya sauya na'urori kusan 15,000, sannan majalisarsa ta zaɓi komawa Windows a 2017. Gaskiya ne. Amma jandarmomin Faransa, waɗanda ba a san su da wasa da tsaro ba, sun fara da OpenOffice a 2005, suka shiga Ubuntu daga 2008, suka ɗora dubun-dubatar na'urorinsu a kai. Jihar Kerala ta Indiya ta mai da makarantun gwamnatinta kan manhaja mai ƴanci tun cikin shekarun 2000. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar sauya na'urori kimanin 30,000. Kusa da gida, ƙungiyar Emmabuntüs ta Faransa, wadda ta ƙware a raya tsofaffin kwamfutoci, ta yi aiki da abokan hulɗa wajen kafa ɗakunan kwamfuta a makarantun arewacin Togo. Ita kuwa hujjar cewa yara su koyi Word domin ita ake nema a wurin aiki, ta raina yaran ne. Wanda ya iya tuƙa Toyota ba ya komawa makarantar tuƙi don an ba shi Peugeot, kuma Word ɗin da yaron aji shida zai tarar ranar da ya fara neman aiki ba za ta yi kama da ta yau ba.

Hujja ɗaya ce mai nauyin gaske, wato rashin mai gyara. Malamin da na'urarsa ta ƙi tashi a ƙauye, idan ya kai ta Dakwaro, abin da mai shago ya iya shi zai yi mata, ya share Linux ya mayar da kwafinsa na sata. Tarihi ya nuna yadda irin wannan ke ƙarewa. A Nuwamba 2005, a taron Tunis, aka nuna wa duniya kwamfutar dala ɗari ta shirin kowane yaro da tasa, aka kai ta gwaji makarantar Galadima kusa da Abuja a 2007, aka ɗauki hotuna, sannan maganar wuta da gyara da horon malamai ta rage gudun shirin a wurare da dama. Masu ba da tallafi har yau suna son hoton ranar miƙa kaya fiye da lissafin shekara ta uku. Duk makarantar da aka kawo wa kyautar kwamfutoci tana da haƙƙin ta tambaya, cikin ladabi, wace uwar manhaja ce a ciki, lasisin na wane ne, yaushe wa'adinsa zai cika, kuma wa zai gyara.

Amsar ƙarshen nan ba sai an jira ta daga Yamai ba, domin wuraren da za a gina ta suna nan. Malamai na haɗuwa a tarukan CAPED don ƙara wa juna sani. Zama ɗaya daga ciki ya isa a koya wa mutum goma yadda ake kunna na'ura daga kile. Kwamitocin CGDES, waɗanda ke riƙe da ɗan kuɗin makaranta, za su iya sayen SSD maimakon biyan kuɗin wanka sau uku a shekara. Makarantar horon malamai ta Maraɗi za ta iya sa wannan a cikin abin da take koyarwa. Su kansu masu gyara a Dakwaro ba abokan gaba ba ne, ƴan kasuwa ne. Ranar da abokan ciniki goma suka nemi Linux Mint za su koya, kuma sauya faifai da hure ƙura sun fi zuba kwafin sata riba da mutunci. Hukumomin da ke rubuta takardun sayen kaya su ma su daina sa sunan kamfani ɗaya a matsayin sharaɗi, su rubuta aikin da ake so na'urar ta yi.

Ba kowace na'ura ce za ta tsira ba. Waɗanda aka ƙera kafin wajen 2007, masu furosesa ta bit 32, Ubuntu da Mint sun daina ɗaukarsu, Debian ma ta sauke su a zubinta na 13 a Agusta 2025, sai ƴan tsiraru irin su antiX ke riƙe da su, kuma intanet na yau ya yi musu nauyi, ko da yake suna iya zama injin buga rubutu mai kyau. Wadda allon cikinta ya ƙone kuwa ta mutu da gaske, sai a cire mata ƙwaƙwalwa da allon kallo da caja a raya wata da su, a kuma cire faifan ajiyar a share shi ko a ajiye, kada ya bi gangar jikin zuwa kasuwa da sunayen yara a ciki. Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, dogon hutun damina ya isa a bi su ɗaya bayan ɗaya kafin komawa makaranta a watan Oktoba, da sharaɗin a kwafe kowace takarda wuri biyu, a buɗe kwafin a tabbatar yana karantuwa, kafin a danna maɓallin da ke share faifai.